Hannatu, Hanan da Favour: Suna Ɗaya Muke Gardama A Kai



Makonni biyu da suka wuce mun je wani suna a unguwarmu. Tun da sassafe aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, ana raba goro da dabino, rago na ɗaure a gefe yana jiran wuƙa. Liman ya yi addu'a, aka sanar cewa yarinya ta ci sunan kakarta ta wajen uba, Hannatu. Aka shafa Fatiha. Jama'a ba su gama watsewa ba sai wani matashi sa'anmu, irin waɗanda ba sa rasa abin faɗa a wurin taro, ya matso kusa da angon ƙarni yana ba shi shawara ƙasa-ƙasa. Wai wannan suna ba namu ba ne, na Kiristoci ne, kuma idan aka bi salsala ma na Yahudawa ne. Wai da ya sa mata Hanan, ya fi daɗi a baki kuma ya fi kusa da addini. Angon ya yi dariya, ya ce ai dama Hanan ɗin za a riƙa kiranta a gida, tunda ba mai iya kama sunan mahaifiyarsa gatsal. Magana ta wuce a nan.

Amma mu ba ta wuce mana ba. Ba kuma don mun fi wancan matashi sani ba ne, domin mu ma an yi lokacin da in muka ji an ce Hannatu ko Saratu ko Rahila, sai zuciyarmu ta tafi Kudancin Kaduna ko Jos ko Biliri. Wannan ne ya sa muka zauna muka bi sawun sunan, kuma abin da muka tarar ya isa a kawo shi wannan zaure.

Ta fuska ɗaya matashin bai yi ƙarya ba. Asalin sunan daga Ibrananci yake, harshen Bani Isra'ila, inda ake furta shi Hanna. Ya fito daga tushe mai harufa uku: ha, nun, nun. Ha ɗin irin ta Hasan da Husaini ce, mai fitowa daga maƙogwaro. Ma'anar tushen a Ibrananci ita ce yi wa wani alheri, ko duban sa da idon rahama ba don ya biya komai ba. Saboda haka Hanna na nufin alheri, ko falala, ko tagomashi. Inda matashin ya yi tuntuɓe shi ne bai san Larabci da Ibrananci 'yan ɗaki ɗaya ba ne. Tushen nan na ha, nun, nun yana nan daram a Larabci, kuma daga gare shi aka sami hanan, wato tausayi da taushin zuciya, da hanin, wato bege, irin kukan da taguwa ke yi in an raba ta da ɗanta. Duk wanda ya zauna gaban malami ya ji labarin kututturen dabinon da ya yi kuka lokacin da Manzon Allah (SAW) ya bar jingina da shi ya koma kan mumbari, to da kalma daga wannan tushen aka siffanta kukan. A Suratu Maryam ma, aya ta 13, da kalmar hanan aka bayyana baiwar da aka yi wa Annabi Yahaya (AS). Wato dai abin da ya ce a cire da abin da ya ce a sa, reshe biyu ne na bishiya ɗaya.

Tushen ya yi 'ya'ya fiye da yadda muke zato. Sunan Yohanna, wanda a Ibrananci yake Yohanan, ma'anarsa Ubangiji Ya yi alheri, kuma shi ne Turawan Ingila suka mayar John, na Faransa suka ce Jean, na Sifen suka ce Juan, Rashawa suka ce Ivan. Har Hannibal, janar ɗin birnin Kartaj da ke Tunisiya ta yau, wanda ya tsallaka duwatsun Alps da giwaye a shekara ta 218 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) don ya yaƙi Rum, farkon sunansa daga nan yake.

Mace ta farko da ta yi fice da sunan ta rayu kimanin shekara 3000 da suka wuce, kuma labarinta yana farkon Littafin Sama'ila na Fari, cikin littattafan da Yahudawa da Kiristoci suka haɗu a kansu. Mun karanta shi, kuma wallahi in aka canza sunayen garuruwa sai ka ce a wani gida na Kano ko Katsina abin ya faru. Wani mutum ne mai suna Elkana yana da mata biyu, Hannatu da Feninna. Feninna tana da 'ya'ya, Hannatu ba ta taɓa haihuwa ba. Mijin ya fi son Hannatu, kishiyar kuwa ta samu abin gori. Kowace shekara suna tafiya garin Shilo don ibada da yanka, kuma a daidai lokacin rabon nama, sa'ad da ake ƙirga wa kowace uwa kason 'ya'yanta, a nan kishiyar ke tsokanar ta har ta kasa cin abinci. Mijin yana lallashi irin na maza, yana nuna mata ai shi kaɗai ya fi mata 'ya'ya goma. Duk macen da ta shekara biyar a gidan miji ba ko ɓari ta san wannan lallashi ba ya kai wa inda ciwon yake. Wani abin lura kuma, kalmar da aka yi amfani da ita a Ibrananci don kishiya ita ce dai kalmar da ke nufin wahala ko ƙunci. Mu da muka ciro tamu daga kishi, ashe ba mu kaɗai ba ne.

Wata shekara ta tashi ta tafi wurin ibada ita kaɗai, tana kuka tana addu'a. Leɓɓanta na motsi amma ba a jin sauti. Babban malamin wurin, Eli, ya hango ta ya ɗauka buguwa ta yi, har ya yi mata faɗa. Ta gaya masa ba abin da ta sha, baƙin ciki ne take zubarwa gaban Ubangiji. Ta yi bakance cewa in aka ba ta ɗa namiji za ta mayar da shi ga hidimar Allah duk tsawon ransa. Ta haifi Sama'ila, ta yaye shi, ta kai shi Shilo ta baro shi can. Abin da ya fi taɓa mu a labarin ƙaramin abu ne: kowace shekara sai ta ɗinka masa 'yar riga ta kai masa. Uwa ce da ke auna girman ɗanta da ido, daga shekara zuwa shekara. Wannan yaron shi ne ya girma ya naɗa wa Bani Isra'ila sarkinsu na farko. A Suratul Baƙara, daga aya ta 246, an kawo labarin annabin da mutanensa suka roƙa ya naɗa musu sarki aka ba su Ɗalutu. Alƙur'ani bai ambaci sunansa ba, amma da yawa daga malaman tafsiri sun ce Shamwilu ne, wato shi wannan Sama'ila. Yahudawa kuwa har yau suna karanta labarin Hannatu a ranar farko ta sabuwar shekararsu, kuma malamansu daga addu'arta suka ciro ƙa'idar yin addu'a a asirce, baki na motsi murya na ƙasa.

To amma ba ta wannan hanyar sunan ya shigo gidajen Musulmi ba. Akwai Hannatu ta biyu, kuma ita ce ya kamata wancan matashi ya sani tun yana makarantar allo. Ita ce mahaifiyar Nana Maryam, kakar Annabi Isa (AS). Alƙur'ani ya kira ta matar Imrana a Suratu Ali Imrana, aya ta 35, bai faɗi sunanta ba. Amma buɗe tafsirin Ɗabari ko na Ibn Kasir, za ka tarar sun ce sunanta Hanna 'yar Faƙuz. Sun kawo cewa ita ma ta daɗe ba ta haihu ba, wata rana ta ga tsuntsuwa tana ciyar da ɗanta, sai sha'awar ɗa ta kama ta, ta roƙi Allah. Da ta samu ciki ta yi bakancen abin da ke cikinta ga hidimar Baitul Muƙaddas, tana zaton namiji ne. Ta haifi mace, ta sa mata Maryam, ta nema mata tsari ita da zuriyarta daga Shaiɗan, Annabi Zakariyya (AS) ya ɗauki renonta. Wannan karatu ne da ake yi mana kowane watan azumi a wuraren tafsiri. Muna ji, muna kabbara, sannan mu fito mu ce sunan matar ba namu ba ne.

Su ma Kiristoci ba a cikin Linjilolin nan huɗu suka sami sunan mahaifiyar Maryam ba. Ya zo ne a wani littafi na ƙarni na 2 da ake jingina wa Yakubu, inda aka kira ta Anna, wato yadda Girkawa ke furta Hanna. 'Yan Katolika suna bikin tunawa da ita ranar 26 ga Yuli. A tsohon birnin Ƙudus, kusa da Ƙofar Zakuna, akwai coci mai sunanta da mayaƙan Salibiyya suka gina a ƙarni na 12. Bayan Salahuddin Al-Ayyubi ya karɓe birnin, a 1192 aka mayar da ginin makarantar fiƙihu, kuma rubutun Larabcin da ke shaida haka yana nan a saman ƙofar. A 1856 Daular Usmaniyya ta miƙa wa Faransa shi, ya koma coci. Gini ɗaya, hannuwa da yawa, kamar dai sunan.

Daga Anna ɗin nan ne Turai ta cika da Anne da Ann da Annie da Anita da Nancy. Sarauniya Anne ta mulki Ingila daga 1702 zuwa 1714. Siffar asali ta Hannah kuwa ta dawo ne bayan gyaran addinin da 'yan Furotesta suka yi, lokacin da masu tsananin riƙo da Baibul a Ingila suka koma ɗauko sunaye kai tsaye daga Tsohon Alkawari, suka kuma tsallaka da su Amurka. Ya yi zamani ya lafa, sannan ya sake tashi da ƙarfi a ƙarshen ƙarnin da ya wuce. A jerin sunayen jarirai da gwamnatin Amurka ke fitarwa duk shekara, Hannah ne na biyu a sunayen mata a 1998 da 1999 da 2000, Emily kaɗai ke gabansa. Daga baya ya sauko, kamar yadda kowane yayi yake yi. A Jamus ma ya daɗe cikin sunayen da ke kan gaba. Wato a daidai shekarun da aka haifi yawancinmu, lokacin da iyayenmu suka fara ganin Hannatu sunan tsofaffi ne ko na 'yan ƙauye, a can rububinsa ake yi.

Yanzu mu dawo gida. Me ya sa muke cewa Hannatu, ba Hanna ba? Wannan "tu" ɗin da ke ƙarshe ita ce shaidar hanyar da sunan ya biyo. Ita ce ta'un da ke ƙarshen sunayen mata a Larabci, wadda malamanmu na zaure ke furtawa da wasalinta in suna karatu. Ita ce a A'ishatu da Halimatu da Hadizatu da Faɗimatu da Saratu. Da a bakin Bature muka tsinci sunan, da ba ta zo ba. Ta cikin littattafan tafsiri da ƙissoshin annabawa ya iso ƙasar Hausa, muka lanƙwasa shi ya zauna a harshenmu, har muka yi masa gajeren kira na gida, Hanne. Da aka zo fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, aikin da Dakta Walter Miller na Zariya ya yi fice a cikinsa kuma cikakkensa ya fito a 1932, masu fassarar ba su ƙirƙiro sabbin sunaye ba. Sun ɗauki waɗanda suka tarar a bakin Hausawa: Ibrahim, Ishaku, Yakubu, Yusufu, Musa, Saratu, Maryamu, Hannatu. Don haka in Kirista ɗan Arewa ya sa wa 'yarsa Hannatu, ya ɗauko ta daga littafinsa ne, amma da rigar da Larabci da Hausa suka ɗinka mata. Ba wanda ya ara daga wani a ɓoye. Gado ne da aka tarar a tsakar gida.

Maganar cewa sunan Yahudawa ne, mun san daga inda zafin yake fitowa. Duk mai zuciya ya ga abin da ya faru a Gaza tun Oktoban 2023, kuma ba mu zo nan don mu rage wa kowa fushinsa ba. Amma harshe daban, gwamnati daban. In za mu jefar da duk sunan da ya biyo ta Bani Isra'ila, sai mu fara da Yakubu, wanda shi ne Isra'ila ɗin kansa, mu bi da Yusuf da Dawuda da Sulaimanu da Zakariyya da Maryam. Rabin unguwa zai wayi gari ba suna. Malaman nahawu tun da daɗewa sun san Ibrahim da Isma'il da Ishaƙ da Ya'aƙub ba kalmomin Larabci ba ne, shi ya sa ba sa ba su tanwini, suna cewa sunaye ne na ajami. Hakan bai hana Manzon Allah (SAW) sa wa ɗansa Ibrahim ba, bai hana shi sa wa ɗan Abdullahi bin Salam, wanda malamin Yahudawa ne kafin ya musulunta, suna Yusuf ba. Sunayen da ya canza, ma'anarsu ya duba: mai nufin saɓo ya mayar Jamila, mai nufin yabon kai ya mayar Zainab ko Juwairiyya. To mene ne abin canzawa a alheri?

Ita kuma Hanan da ake ganin ta fi tsarki, a Ibrananci sunan maza ne, yana nan cikin Tsohon Alkawari. Kuma ɗaya daga cikin matan da suka fi shahara da shi a duniyar Larabawa ita ce Hanan Ashrawi, 'yar siyasar Falasɗinu da aka haifa a 1946, wadda ta shafe shekaru tana kare haƙƙin mutanenta a gaban duniya. Kirista ce.

Kada a fahimce mu a baibai. Ba mu da rigima da Hanan, suna ne mai kyau. Ba mu da rigima da alkunya, domin ita ce ta ba mu Ummi da Mama da Walida da Abba, kuma tana cikin abubuwan da muke alfahari da su. Uba yana da 'yancin zaɓar wa 'yarsa sunan da ya kwanta masa, kuma sunaye suna yayi kamar atamfa. Abin da muke ƙi shi ne dalilin. In ka bar Hannatu don Hanan ta fi maka daɗi, ba mai cewa don me. In ka bar ta don kada a ɗauka 'yarka 'yar wancan ɓangaren ce, to nan akwai magana.

Kuma ba gefe ɗaya ke wannan gudun ba. 'Yan uwanmu Kiristoci da ke cikin wannan zaure za su shaida. Gidan da kaka take Hannatu, uwa take Saratu, yau jikoki Favour ne da Grace da Precious. Wasu sun gaya mana dalili ɗaya da na wancan matashi, sai dai an juya shi: ba sa so a ji sunan a ɗauka Hausawa ne ko Musulmi. Abin dariya, abin kuka, Favour da Grace fassarar Hannatu ce kai tsaye. Sai ka shiga aji ɗaya a firamare ka tarar da Hanan a wannan layi, Favour a wancan, an koya wa kowace cewa sunanta ya raba ta da ɗayar, alhali kakanninsu takwarori ne.

Akwai lokacin da suna ba ya gaya maka inda mutum ke ibada a Arewa. Janar Yakubu Gowon, wanda ya mulki Nijeriya daga 1966 zuwa 1975, Kirista ne da ya tashi a Wusasa. Farfesa Mahmood Yakubu, da aka naɗa shugaban hukumar zaɓe a 2015, Musulmi ne. Yakubu Dogara, kakakin majalisar wakilai daga 2015 zuwa 2019, Kirista ne. Marigayi Dakta Yusufu Bala Usman Musulmi ne, Farfesa Yusufu Turaki malamin tauhidin Kirista ne. Hannatu Musa Musawa, 'yar Katsina da ta zama minista a 2023, Musulma ce, kuma in ka shiga kowace majami'a a Kagoro ko Garkida ka kira Hannatu, ba mace ɗaya za ta waiwayo ba. Dole sai ka zauna da mutum, ka gaisa da shi, ka ga inda ya nufa ran Juma'a ko Lahadi, kafin ka sani. Wannan ɗan jinkirin kafin yanke hukunci abu ne mai daraja, kuma shi muke zubarwa da hannunmu.

Waɗanda suka ga rikicin Kaduna na 2000 da na Jos na 2001 suna ba da labarin yadda ake tare hanya a tambayi mutum sunansa, amsar da ya bayar ta zama ita ce tsakaninsa da mutuwa. Ba muna cewa a sa wa yara suna don su ɓuya a bayansa ba ne, Allah Ya kiyaye mu da sake ganin irin wannan rana. Muna cewa ne bayan waɗannan rikice-rikice mun raba unguwanni, mun raba kasuwanni, a wasu wuraren mun raba makarantu. A Kaduna kogi ya zama iyaka. Sunaye na cikin 'yan abubuwan da suka rage ba a raba ba, kuma ba gwamnati ko ɗan siyasa ke raba su yanzu ba. Mu ne, a kan tabarmar suna, da shawara ƙasa-ƙasa.

Mu da muke rubutu ma muna da namu kason laifin. A duba labaran da muke sakawa a kafafen sada zumunta da waɗanda muke bugawa. Jarumar labari kullum Hanan ce ko Amal ko Nihal, 'yar mai kuɗi, mai karatu a waje. In Hanne ta fito, to 'yar aiki ce da aka kawo daga ƙauye, ko tsohuwa mai tallar ƙuli-ƙuli. Yarinyar da ta karanta irin wannan littafi goma, ranar da ta haihu wane suna za ta roƙi mijinta ya sa? Ba sai an yi mata wa'azi ba, mun riga mun zaɓa mata.

Jiya mun koma gidan don mu duba mai jego. Takardar haihuwa ta fito, Hannatu aka rubuta. Kowa a gidan Hanan yake cewa, har yaran maƙwabta. Kakar tana zaune a kan tabarma da jaririyar a cinya, muka ba ta labarin matar Imrana da tsuntsuwar da ta gani. Ta ce ita wannan ta san shi tun tana yarinya, a bakin mahaifinta ta ji, don shi ya sa mata sunan bayan mahaifiyarta ta shekara tara tana jira. Ita ba ta cewa Hanan, ba ta kuma cewa Hannatu. Takwara take kiran ta.